Aikin da Fenti Ke Rufewa

Akwai maganar da ake yawan yi a Kano, wai motar Arewa ba ta tsatsa, tsatsa ta mutanen Legas da Fatakwal ce masu iskar teku. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, tunda kusan wata bakwai muke yi a shekara ba ɗigon ruwan sama. Amma duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin motocin da ke jere a garejin Ƙofar Ruwa ya san ba a nan zancen ya tsaya ba. Yawancin motocin da talaka ke hawa a garin nan 'yan Beljiyam ne. Sun sha shekaru a titunan Turai, inda ake watsa gishiri a hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, kafin a loda su a jirgin ruwa su sauka Kwatano ko Legas. Gishirin nan yana maƙalewa a lungunan ƙarfe, kuma yana cikin abubuwan da suka fi hanzarta tsatsa. Mota takan iso da ciwonta a ɓoye, mu kuma mu ƙara mata namu: ruwan Agusta da ke kwanciya a titi har ya kai dokin ƙofa, masu wankin mota da ke sheƙa wa kafet ruwa su mayar da shi bai bushe ba, ga kuma inuwar darbejiya da kowa ke rububin ajiye mota a ƙarƙashinta, ganye na zuba yana toshe magudanar da ke gindin gilashin gaba.

Tawa Golf 3 ce mai dogon baya, ƙirar shekarun 1990. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, jiki ne ya gaji. Alamar farko 'yan ƙananan kumburi ne a bakin madigadin baya da gindin ƙofofi, fenti ya taso bai fashe ba. Idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska ya zama tsatsa, tsatsar ta fi asalin ƙarfen cin wuri, sai ta riƙa turo fentin daga ciki. Shi ya sa abin da ido ke gani a waje kullum bai kai abin da ke ƙasa ba.

Na nuna wa masu fenti daban-daban. Yawancinsu zagaya motar suke yi da ido su yanka farashi, har wani ya ce mini, "Alhaji, kawo ta Litinin, Alhamis ka zo ka ɗauki amarya." Wanda na tsaya a wurinsa wani dattijo ne mai gareji can wajen Titin Katsina. Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya sa yaro ya kawo masa sukudireba da ɗan maganaɗisu da aka ciro daga tsohuwar sifika. Ya naɗe maganaɗisun a tsumma yana bin jikin motar da shi. Inda ƙarfe yake kusa sai ya kama, inda aka taɓa cikewa da fila mai kauri, wato kwaɓin da ake cike lotsattsen wuri da shi, sai ya sulale. Sannan ya durƙusa ya danna sukudirebar a ƙarfen dokin ƙofa na ɓangaren direba, ba ma da ƙarfi ba, sai ga ta ta shige har mariƙi.

"Yallaɓai, ka gani? Wannan ba ta zo hannun mai fenti ba tukuna. In na fesa maka a haka, kitso na yi da ƙwarƙwata. Damina ɗaya za ta tona mana asiri ni da kai."

"To Baba, ya za a yi?"

"A tuɓe ta mu ga iyakar ciwon, sannan mu yi ciniki."

Yarjejeniyarmu ita ce ni zan sayi kaya da hannuna, shi zai karɓi kuɗin aiki kashi-kashi, kuma ba za a rufe ko'ina da fila ko firaima ba sai na gani da idona. Firaima ita ce shimfiɗar da ake fesawa kafin launi. Ba zarginsa nake yi ba. Aikin jikin mota kowane mataki binne na bayansa yake yi, kuma da zarar tokar firaima ta hau, aikin mai gaskiya da na maha'inci kamarsu ɗaya. Mai mota yakan ɗoki ranar da za a fesa launi ya zo ya tsaya a kai, alhali ranar ba abin da tsayuwarsa za ta canza. Ranakun da motar ta fi muni, tana tsirara ba fitila ba gilashi, su ne ranakun da idonsa ke da amfani.

Lokaci kuwa shi ya zaɓa, ya ce mu jira Oktoba. A damina iska na da laima, ƙarfen da aka gurje da yamma sai a wayi gari ya yi ja-ja. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, laima babu, amma ƙura na sauka a kan komai, sanyin safiya kuma na jinkirta bushewa. Da bazara zafi kan haura digiri 40, fila ta ƙame a hannu kafin a gama shafawa, feshi ya bushe a iska kafin ya kai jikin mota ya fito da kaushi. Mai rufaffen ɗakin feshi, wanda ake ce wa oben, wannan lissafi bai dame shi sosai ba. Mu da aikinmu a rumfar kwano yake, 'yar tazarar da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da saukowar hazo ita ce damarmu.

An fara da wanki da omo, har ƙasanta, sannan yara suka shiga kwance-kwance: bamba, fitilu, madubai, hannun ƙofofi, robobin gilashi, kujeru, kafet. Masu sauri kan lulluɓe roba da tef su fesa a gefenta, kuma a ƙarƙashin robar nan tsatsa ta fi son zama. Na zo da ledoji da biro, kowane rukunin noti da ledarsa da sunansa, na ɗauki hoton wayoyin fitilu kafin a cire. 'Yan maƙallan roba da rana ta gasa kuwa, ko da lallashi sai wasu sun karye, sai dai a sa kuɗinsu a lissafi.

Da aka ɗaga kafet ne labari ya fito. Audugar da ke ƙarƙashinsa a jiƙe take sharkaf duk da ruwa ya ɗauke, kuma ta wajen ƙafar direba ana hango ƙasar garejin ta 'yan hujoji. Magudanar gindin gilashi ta cika da ruɓaɓɓen ganye har ya zama taki, to ruwan da ya rasa hanya sai ya nemi ta cikin mota. Farantin batir ya ci. Ramin ajiye tayar ko-ta-kwana ya yi ja. 'Yan kafofin da aka bari a gindin kowace ƙofa don ruwa ya fita, laka ta liƙe su. Madigadin baya kuwa, giranda na taɓa shi sai farar ƙura ta tashi: fila ce mai kaurin babban yatsa, bayanta ragar waya da guntun gwangwani, aikin wani da motar ta ratsa ta hannunsa kafin ta zo nawa. Baba bai ce komai ba, ya dai ɗaga guntun gwangwanin ya nuna wa yaransa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ya bi motar da alli yana rarrabe tsatsar. Akwai ta sama, wadda samfefa ke ɗaukewa ƙarfe ya fito fari. Akwai wadda ta yi rami-rami amma ba ta huda ba. Akwai wadda ta huda, ko ta cinye ƙarfen har ya zama yana lotsawa da yatsa. Ta ukun ba ta da magani sai yanka. Duk abin da za a shafa mata, kowane irin suna aka ba shi a shago, jinkiri ne kawai.

Na shiga Ƙofar Ruwa wajen masu yanka motoci na samo dokin ƙofa da bakin madigadi daga irin motar. Abin lura a nan shi ne a juya bayan ƙarfen a duba, a ƙwanƙwasa, don motar da aka yanko shi daga jikinta ita ma sa'ar taka ce, ƙila ciwonsu ɗaya. Na ƙasan mota kuma falle muka saya mai kauri daidai da na asali. Ƙarfen jikin ƙaramar mota yawanci bai kai milimita 1 ba ko kuma daidai nan, shi ya sa waldarsa ke da wuyar sha'ani. Fanal-bitan garejin ya yanke ruɓaɓɓen wurin, ya wuce iyakar tsatsar da kamar yatsa biyu har ya kai ƙarfe mai cikakken kauri, ya zana siffar ramin a kwali, ya yanka facin a kan kwalin.

Da kabaid da iskar oksijin yake walda, kamar yawancin fanal-bitocin garin nan. Wutar kabaid tana baza zafi da faɗi, falle kuma in ya sha zafi sai ya murɗe, wurin da ya murɗe kuma da fila za a cike shi. Waldar waya ta lantarki ta fi dacewa da irin wannan aiki, amma ba kowane gareji ke da injinta ba, ga kuma halin wuta. Gwanintar mutumin nan ita ce haƙuri: ɗigo nan, ɗigo can nesa, a bari ya huce, a dawo tsakani, har layin ya haɗe. Abu ɗaya na nace a kansa, kada a ɗora faci a kan tsohon ƙarfe, a haɗa su baki da baki. Ɗorawa ta fi sauƙi da sauri, sai dai tsakanin fallayen biyu wuri ne da ruwa zai shiga ya kwana, ba kuma fentin da zai kai can. Kafin a kunna wuta an cire batir, an kare bututun mai da ke bi ta ƙarƙashin motar, aka ajiye yaro guda a ciki da bokitin ruwa ba aikinsa sai kallo. Da aka gama aka gurje layin, Baba ya jira magariba ya sa aka haska tocila ta baya. Duk inda haske ya ɓullo, huji ne, aka koma aka toshe shi da walda. Bayan facin ma sai da aka shafe shi, domin wuta ta ƙone duk wata kariya da ke wurin, kuma daga nan sabuwar tsatsa ke farawa.

Wuraren rami-rami sun fi cin rai. Giranda ba ta kai gindin ramin sai ta cinye lafiyayyen ƙarfen da ke kewaye, don haka burushin waya aka sa a injin huda aka bi su, sannan aka shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik. Yana taɓa ragowar tsatsar sai ta koma baƙa, wato ta zama wani sinadari dabam da ba ya ci gaba da cin ƙarfe. Ba ya mayar da tsatsa ƙarfe, kuma siririn saura kawai yake iya wa, in aka shafa shi a kan ɓawo sama zai yi baƙi ƙasa na nan ja. Wani yaro ya ce ai ruwan batir ma yana cinye tsatsa. Yana ci, amma har da ƙarfen, kuma abin da ya bari a lungu ba ya daina ci. Bayan maganin ya gama aiki aka wanke wurin tas, aka busar da iskar kwamfuresa da rana, aka sake bi da samfefa mai lamba 80 har baƙin ya rage a gindin ramukan kaɗai. Daga wannan lokaci Baba ya hana kowa dafa ƙarfen da hannu. Gumi gishiri ne da maiƙo, shatin yatsu biyar kan fito da tsatsa a ƙarƙashin fenti.

Ba duka motar aka gurje zuwa ƙarfe ba, kuma ban ga dalilin yin haka ba. Inda fentin kamfani yake riƙe da kyau, babu shimfiɗar da ta fi shi, kaushi kawai ake ba shi don sabo ya kama. Rufi da bonet ne rana ta ƙone har saman fentin yana ɓarewa, su aka ci da samfefa har aka kai inda yake da ƙwari.

Sayen firaima ne ya fi ɗaukar mini hankali, don a shagunan fenti na Sabon Gari in ka ce a ba ka firaima, tambayar farko ita ce ta nawa, ba wace iri ba. Akwai ja ɗin nan da ake shafa wa ƙofar gida da tagogi, wannan ba ta jikin mota ba ce. Akwai mai ruwan toka da ake sirkawa da tina kawai, mai araha mai saurin bushewa, ita ce a yawancin garejoji. Aibinta biyu: laima na ratsa ta, kuma tana ci gaba da shanyewa bayan an yi fenti, sai bayan wata biyu ka ga shatin samfefa ya fito a ƙarƙashin ƙyalli. Akwai mai ɗan asid a ciki wadda ke cizon farin ƙarfe ta kama shi, siririya ake fesa ta. Akwai ifoksi, mai gwangwani biyu da ake haɗawa, ita ce ke toshe ƙarfe ruwa bai kai gare shi ba. Sai kuma mai kauri da ake ce wa 2K, ita ma da hadinarta, wato sinadarin da ke sa ta ƙame, aikinta cike 'yan ƙananan shatuka don a goge a samu santsi. Ifoksi da 2K na saya, bayan na ɗan zaga, domin ba kowane shago ke ajiye ifoksi ba. Na kuma zaɓi rufaffen gwangwani mai rubutun kamfani maimakon na awo a gorar ruwa. Kayan nan daga waje ake shigo da yawancinsu, tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashinsu ya tashi, kuma inda kaya ya yi tsada dole a yi hattara da sirki. Ban da haka ma, a jikin gwangwanin ne aka rubuta yadda ake haɗawa da tsawon jira, wanda ya sayi na awo ya bar wannan a shago.

A nan muka ɗan saɓa da Baba. Shi yadda ya koya, kuma yadda ya yi shekara da shekaru yana yi, fila kan farin ƙarfe take hawa, firaima ta biyo baya. Ni kuma na so a fara fesa ifoksi a rufe ƙarfen a ranar da aka gurje shi, filar ta hau a kanta.

"Yallaɓai, fila ƙarfe take so. Tun kafin a haife ka nake wannan aiki."

"Haka ne Baba, ban isa in koya maka ba. Amma dubi abin da suka rubuta a nan, sun ce tana hawa in an ba ta kaushi."

Ya karɓi gwangwanin ya miƙa wa babban yaronsa ya karanta masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Motarka ce, kuɗinka ne. Mu gwada a ƙofa ɗaya." Hanyarsa ba kuskure ba ce, in ƙarfe na da tsabta kuma aka rufe shi da wuri tana riƙewa. Damuwata ita ce fila tana shan ruwa, in laima ta samu hanya ta kai gare ta, to tana zaune ne kai tsaye a kan ƙarfe. Da ifoksi a tsakani, ko ta sha ba ta da abin da za ta ci. Abin da ba a yi shi ne ɗora fila a kan firaima mai asid, wannan ba sa jituwa. Washegari ya sa ƙusa ya ƙwaƙuli gefen filar da aka gwada, ta ƙi tashi, sai ya ce wa yara a fesa sauran.

Kafin fila ta hau ko'ina, sai da fanal-bita ya bi lotsattsun wurare da guduma da ƙarfen tokare ta baya, ya fito da su kusa da daidai. Fila ta gyaran fuska ce, ba ta gini ba, Baba ba ya yarda ta wuce kamar milimita 3. A kan guntun gilashi suke kwaɓawa, ba kwali ba, don kwali na tsotse ruwanta. Hadina kaɗan ake sawa, kamar kashi 2 cikin 100. In ta yi yawa filar ta ƙame nan take, daga baya kuma ta iya ɓata launi, in ta yi kaɗan ta ƙi bushewa ta riƙa cushe samfefa. Ninkawa ake yi ana dannawa, ba juyawa ba, don kada iska ta shiga ta bar hujoji. A zafin Kano 'yan mintoci kaɗan gare ka, saboda haka kaɗan-kaɗan ake kwaɓawa, shafin farko a danna shi sosai ya shiga, na biyu ya cike.

Da aka zo guga yara suka jawo bokitin ruwa kamar yadda suka saba a wasu wurare, Baba ya daka musu tsawa. Ba a gugar fila da ruwa. A bushe aka yi, da lamba 80 a fitar da siffa, a koma 180 a kashe shatin. Lambar samfefa tana ƙaruwa tana ƙara laushi, kuma ba a tsallake da yawa, don mai laushi sosai ba ta iya share shatin mai kaushi sosai. A jikin katako mai faɗi suke naɗe ta, suna tafiya a karkace, dama da hagu. Wanda ya goga da yatsu, shatin yatsunsa zai bari. Gefen da fila ta haɗu da tsohon fenti kuma sai an sirance shi har hannu ya wuce bai ji gaɓa ba. Baba ba ya duba wannan da ido. Tsumma yake shimfiɗawa a tafinsa, ya kau da kai gefe, ya shafa a hankali, ya ce nan akwai tudu, nan akwai kwari. Na gwada, ban ji komai ba sai da ya kama hannuna ya bi da shi.

Ranar feshin 2K da sassafe muka fara, bayan rana ta ɗan ɗaga, kafin iska ta tashi. An rufe duk abin da ba a son feshi ya taɓa da takarda da tef. An share rumfar an yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. An buɗe gindin tankin kwamfuresa ruwan da ya taru ya tsiyaye, domin iskar da aka matse tana tara ruwa, in ya biyo tiyo ya fito ta bindigar feshi, ƙuraje zai bari. Sai goge jiki da maganin cire maiƙo, tsumma biyu, ɗaya jiƙaƙƙe ɗaya busasshe yana binsa kafin ya bushe. Ba fetur ba, fetur na barin nasa maiƙon. Man ƙyalli da masu wankin mota ke fesa wa taya da gaban mota ma abokin gaba ne, ɗigonsa kaɗan ya isa ya sa feshi ya riƙa tsagewa yana barin 'yan ramuka. Wuta ba ta samu ba, janareta muka tayar, man ma a cikin lissafina yake.

Gwangwanin ya ce kashi 4 na firaima, kashi 1 na hadina, aka auna da kofi mai shati, aka tace. Bakin bindigar mai faɗi ne, milimita 1.8, ba irin siririn da ake fesa launi da shi ba. Mai feshin ya riƙe ta kamar taƙi guda daga jikin motar, santimita 15 zuwa 20, yana tafiya da dukan hannunsa ba wuyan hannu kawai ba, kowane layi na hawa rabin na samansa. Hawa uku aka yi, tsakanin kowanne ana jira minti 10 zuwa 15 har sheƙin ya dushe. Mai gaggawa da ya jibga duka a hawa ɗaya, sama zai bushe ya kulle tina a ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai a ranar ba na mota ba ne. Yaron da zai yi feshin hankici ya ɗaura a hanci. Hadinar 2K tana da sinadarin aisosayanet, wanda an san yana jawo asma, kuma hankici ko takunkumin takarda ba sa tare shi. Na riga na sayo takunkumi mai gwangwanin tacewa guda biyu, wanda shi ma ba shi ne ƙarshen kariya ba, amma ya fi hankici nesa ba kusa ba. Ya saka don kunyata, abokansa na yi masa dariya. Da aka gama sai ga ɗaya ya kawo masa madarar gwangwani, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, feshi kuma huhu, ba inda suke haɗuwa. Na faɗa musu, suka ce to, ya shanye abarsa.

An bar firaimar ta huta ta gama shanyewa, ba a taɓa ta a ranar ba, ko washegari. Kafin nan aka koma ƙasa: aka bi duk layin walda da gaɓoɓin falle da mannin toshe gaɓa, aka fesa baƙin kariya mai kauri a ƙarƙashin motar da cikin madigadi, aka buɗe kafofin gindin ƙofofi da magudanar gilashi. Man kakin da ake fesawa cikin ƙofofi da cikin dokin ƙofa kuwa an ajiye shi sai bayan launi, don maiƙonsa kada ya ɓata aikin.

Gugar ƙarshe da dabara ake yin ta. An yi wa tokar yayyafin baƙin fenti sama-sama, sannan aka bi da katako da lamba 320. Inda ya yi daidai baƙin na tafiya, inda akwai kwari sai ya zauna, inda akwai tudu sai ifoksi ko ma ƙarfe ya leƙo. Ba gardama a nan, motar ce ke faɗa da kanta. Wuraren da suka zauna aka ƙara musu, inda ƙarfe ya leƙo aka sake rufe shi, aka ƙara hawa, aka sake yayyafi. Sannan 400, aka ƙare da 600 saboda launin motar mai ƙyalƙyali ne, irinsa kuma ba ya ɓoye shati.

Za ka ga motoci a titunan Kano suna yawo da tokar firaima wata da watanni, kuɗi sun ƙare a tsakiyar aiki. Firaima ba a yi ta don rana da ruwa da hayaƙin hanya ba, wadda aka yi yawo da ita sai an sake guga, wani lokaci har an sake fesawa. Saboda haka tun kafin a kwance noti ɗaya na ware kuɗin launi gefe. Launin ma na asali na bari, wanda ke rubuce a takardun motar, lambarsa kuma tana nan a 'yar takardar da kamfani ya liƙa a cikin but.

Dubawar ƙarshe, Baba ya sa aka shafa maganin cire maiƙo a gefen motar don ya ba ta sheƙi na ɗan lokaci, ya tsuguna ta wajen fitilar baya yana kallon yadda layukan kwanon rumfar suka fito a jikinta. A ƙofar baya ta hagu layin ya ɗan karkace.

"Baba, wannan ai ba wanda zai lura."

"Yanzu ne ba wanda zai lura. Bari ƙyalli ya hau, daga tsallaken titi za a nuna maka."

Ya kira yaro ya miƙa masa katako da samfefa, aka ɗage feshin launi zuwa Asabar, ni kuma na kwafi lambar a takarda na nufi Sabon Gari wajen masu haɗa fenti.